A Daina Yar da Mitar Tsofaffin Babura

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana da 'yan'uwanmu makanikan babur, da kuma masu riƙe da tsofaffin babura irin su Honda Benly da CD175, da CG125 na farko-farko, da Suzuki A100, da Yamaha YB100, da Vespa. Ana ta fito da waɗannan babura daga zaure, a wanke kabureta, a yi fenti, a ɗinka sabon sit, amma idan aka zo kan mitar da ke nuna gudu da kilomita sai a ce ta mutu. Wani ya cire ta ya yar, wani ya ɗaura sabuwa ta roba wadda ba za ta ga damina biyu ba, wani kuma ya bar ta a kan babur allura na kwance. Yawancin mitocin nan lafiyarsu ƙalau. Laifin na kebur ne ko na giyar taya, kuma ko an shiga cikin mitar ma, abin da ake tararwa galibi tsohon giris ne da ya daskare.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. A cibiyar tayar gaba akwai giya da ke juya kebur. Kebur ya hau sama ya juya wani maganaɗisu a cikin mita. A kan maganaɗisun an kifa ɗan kofi na alminiyam, ba sa taɓa juna, iska ce kawai a tsakaninsu. Alminiyam ba ya kama maganaɗisu, amma idan maganaɗisun na juyawa yakan haifar da 'yar wutar lantarki a jikin kofin, wannan wutar kuma ta sa kofin ya nemi bin sa, kamar yadda tukunya ke neman bin muciya idan ana tuƙin tuwo. Allura na kan tsinken kofin, wani siririn sifirin kuma na janye ta baya. Inda ƙarfin biyun suka daidaita, nan allura ke tsayawa. Wani Bajamushe, Otto Schulze, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1902, kuma ita ce a cikin mitocin Nippon Seiki na baburan Japan da Veglia na Vespa. Lambobin kilomita kuwa ba ruwansu da maganaɗisu, ƙananan giyoyi ne ke ɗaukar juyi kai tsaye daga sandar da kebur ke juyawa.

Wannan rabuwar ita ke nuna wa mai gyara inda zai fara. Idan lambobi na ƙirgawa allura ba ta motsi, to kebur da giyar taya sun fita daga zargi, matsalar na wajen kofi ko sifirin. Idan allura na aiki lambobi sun tsaya, giyoyin ciki ne. Idan duka biyun sun yi shiru, kada a taɓa mitar tukuna. A kwance kebur daga bayanta, a ɗaga tayar gaba, a juya ta da hannu, a duba ko kan wayar ciki na juyawa. A ɗan matse kan da yatsu biyu yayin da tayar ke juyawa, domin wayar da ta tsinke a tsakiya takan juya idan ba komai a kanta, da ta ji nauyi sai ta tsaya.

In waya ba ta juyawa kuma ba ta tsinke ba, a sauka wajen taya. A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma yawanci ranar da aka yi faci ake yin ta. Giyar mita tana da 'yan kunnuwa biyu da ke shiga gurbinsu a cibiyar taya. Idan aka mayar da taya da gaggawa kunnuwan ba su faɗa gurbi ba, aka ɗaure notin shaf da ƙarfi, sai su lanƙwashe ko su karye, taya ta riƙa juyawa ita kaɗai. Kafin a ɗaure noti a juya farantin birki a hankali har a ji ya zauna, ba rata tsakaninsa da cibiya. A tabbata kuma tsagar da ke jikin farantin ta kama ɗan tudun da ke ƙafar shokazoba, in ba haka ba birkin farko zai juya farantin ya fizge kebur. Kunnuwan da suka lanƙwashe ana miƙe su da filaya sau ɗaya, a karo na biyu karyewa suke yi. A wanke giyar da kananzir, a duba haƙoranta, a mayar da wasoshinta yadda suke, a sa giris kaɗan. Mun ce kaɗan saboda takalman birki na nan kusa, giris ya yi yawa zai kai gare su. A duba sil ɗin da ke tsare wurin. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris ita ke cinye haƙoran giya, musamman ta roba irin ta Vespa.

Kebur shi ya fi kowa laifi. A zare wayar ciki, a wanke ta da kananzir, a shanya. A shimfiɗa ta a kan tebur a mirgina ta da tafin hannu, wurin da ta karye zai riƙa ɗagawa. Ko a riƙe bakunan biyu a bar tsakiyar ta rataya, a murza ta da yatsu. Lafiyayya na juyawa sumul, mai rauni na tsalle. Wannan tsallen shi ne allura ke nunawa idan tana rawa tsakanin 30 da 50 alhali gudun bai canja ba. Wayar da ta karye ba ta miƙuwa, sai canji. A duba kawunan nan masu kusurwa huɗu, idan sun goge sun zama kewaye za su riƙa sulɓewa a gurbi. A duba rigar kebur ɗin ita ma, inda ta matse ko ta fashe zai ci sabuwar waya.

Wajen shafa giris akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wato ɗura baƙin mai a bakin kebur daga sama. Wayar ciki naɗaɗɗiya ce, tana iya tura mai sama yayin juyawa, kuma idan man ya shiga tsakanin maganaɗisu da kofi sai ya haɗe su, allura ta riƙa ɗaukan gudun da babu shi, ko ta yi nauyi ta ƙi dawowa. Giris mai laushi ake shafawa da yatsa, shafa ɗaya marar kauri, a bar wajen santimita 15 na sama a bushe. Wajen mayarwa kada a yi wa kebur lanƙwasa mai tsanani, a bi masa hanyarsa ta asali ta cikin 'yan maƙalansa, sannan a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a ga ko yana ɗamewa.

Sabon kebur ma ba a ɗaura shi ido rufe. A jera shi da tsohon a gwada tsawon riga da tsawon abin da waya ta fito a kowane baki. Idan wayar ta fi tsayi ko da milimita 3 ne, ɗaure noti zai sa ta tura sandar maganaɗisu sama har ya goga kofi, mitar da ta shekara arba'in lafiya ta lalace a mako guda. A goge ƙarin da zarto kafin a ɗaura. Masu Vespa su lura cewa kan wayar iri biyu ne, mai milimita 2 da mai milimita 2.7, kuma ƙaramin zai shiga babban gurbi ya riƙa juyawa a banza. Notin bayan mita da hannu ake ɗaure shi, filaya na cinye zarensa.

Sai an gama da waɗannan ake gwada mitar ita kaɗai. A sa guntun tsohuwar waya a gurbinta a murza da yatsu. Ya kamata ta juya ba tare da turjiya ba, allura ta ɗan zabura ta koma. Idan ta yi tauri, sandar ta kama a cikin bushinta, kuma irin wannan mitar ce ke tsinka kebur bayan kebur ana zargin mai kanti. Sau da yawa ɗigo biyu ko uku na kananzir a gindin sandar, mitar na tsaye fuskarta sama don kada ya gangara ciki, a bar ta ta kwana, sannan ɗigon man keken ɗinki, ya isa ya sake ta ba tare da an buɗe ba. Mai na'urar huda ƙarfe zai iya kama wayar da ita ya gwada, galibi sai an sa na'urar ta juya baya, kuma a fara a hankali. Idan allura ta manne da ƙusar tsayawarta, juyin ya saɓa, a sauya.

Buɗe mita aikin haƙuri ne. Yawancinsu an naɗe bakin zoben gilashi ne a kan gwangwanin. A ɗaura kilif ɗin tiyo kewaye da zoben don kada ya buɗe ya ɓata siffa, a kifa mitar a kan tsumma, a sa ƙaramin sukundireba a ɗaga leɓen kaɗan-kaɗan, a zagaya sau uku ko huɗu. Wanda ya nemi ɗaga shi a zagaye ɗaya zai yaga zoben ko ya fasa gilashi. Idan mitar na da maɓallin mayar da lambobin tafiya sifili, a fara cire shi. Wasu da ɗan sukuru suke, wasu kuma zarensu na hagu ne. Sukurori biyu na baya su ke riƙe da kayan ciki.

Kafin a taɓa allura a yi alama. A juya kofin da yatsa har allura ta kai 60, a riƙe, a ja layi da alƙalami daga gefen kofi zuwa jikin firam. Da wannan layin za a mayar da ita daidai inda take. Ana cire allura ne da ƙananan cokula biyu, ɗaya ta kowane gefe, a sa takarda a ƙarƙashinsu don kada su karce fuskar, a danna su lokaci guda ta fito a miƙe. Tsinken da take kai siriri ne ƙwarai, idan aka ja ta gefe guda ya lanƙwashe, aikin ya ƙare. Fuskar mita ba ta son fetur ko tina, ko ruwan sabulu ma na iya ɗauke lambobin da rana ta riga ta gasa. Busasshen buroshi mai laushi ya wadatar. Allurar da ta koɗe ana iya yi mata fenti, amma shafa ɗaya, domin nauyin fenti na canja karatunta.

A ciki, abin da za a fara nema shi ne garin ƙarfe da ya manne a maganaɗisu. Ratar da ke tsakaninsa da kofi 'yar kaɗan ce, ƙwaya ɗaya ta isa ta sa allura ta riƙa fizga. Da salatif ake ɗebe shi, hurawa ba ta fitar da shi. Sannan a girgiza sandar maganaɗisu gefe da gefe. In tana wasa, bushin ya cinye, shi ne ke kawo ƙarar nan mai kama da kuka da safe, da allurar da ke tsalle ta bugi ƙarshen lamba. Mai ba ya maganin wannan. Sai a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna, su fitar da sabon bushi na tagulla, ko a samo wata matacciyar mita irinta a wajen masu tsofaffin kaya a Ƙofar Ruwa ko Katako ta Yamai a ɗauki nata.

Tsinken allura na zaune a kan ɗan gurbi a sama da ƙasa. A wanke su da sifirit, a sa man agogo da bakin allurar ɗinki, abin da ya rataya a bakin allurar shi ne adadin. Wasu mitocin Japan suna da ɗan ƙoƙo a jikin tsinken mai ɗauke da man silikon mai kauri, aikinsa hana allura rawa. Idan babur ya daɗe a kwance, ko an ajiye mita a kife, man na tsiyayewa, allura ta riƙa lilo ko da kebur sabo ne. Man silikon ake mayar masa, giris ko baƙin mai ba sa yi. Don haka ma mitar da aka cire a tsaye ake ajiye ta, fuska sama.

Siririn sifirin nan kuwa, shawararmu ga bakanike ita ce ya bar shi. Idan naɗinsa ya hau kan juna ko ya manne da mai, mai gyaran agogo ya fi kowa sanin yadda ake warware shi, don irinsa yake fama da shi a cikin agogon hannu, kuma yana da hantsaki da madubin ido na aikin. Ga su nan a bakin kasuwanninmu, wayar hannu ta rage musu ciniki. A ganinmu rabon aikin a fili yake: taya da kebur na bakanike, abin da ke bayan gilashi na mai agogo. Wannan ya fi zama dole ga tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph da Norton na kafin tsakiyar shekarun 1960, masu mitar Smiths da ake kira Chronometric. Ita ba ta da maganaɗisu sam, injin agogo ne sosai a cikinta, kuma allurarta taki-taki take hawa, tana ɗan tsayawa tana ci gaba. Haka aka ƙera ta. Wanda bai sani ba zai ɗauka lalacewa ce ya buɗe ta ya ɓata abu mai tsada.

Giyoyin lambobi ba su da rikici sosai. A kankare tsohon giris da tsinken sakace, a wanke, a duba ko haƙori ya goge, a sa sabon giris kaɗan a kan haƙoran kawai. Tayoyin lambobin ba sa son mai. Idan suna maƙalewa lokacin da lambobi da yawa za su juya tare, kamar daga 9,999 zuwa 10,000, datti ne a tsakaninsu ko firam ya ɗan matse.

Saura daidaita karatu, wanda shi ne aka fi yi da ka. A dubi ƙasan fuskar mita ko bayanta, a yawancin na Japan an rubuta 60 km/h = 1400 rpm. Ma'ana, juyi 1400 na kebur a minti ɗaya shi ne gudun kilomita 60 a awa, wato juyi 1400 a kowace kilomita. Masu lissafin mil an rubuta musu 2240 a gudun mil 60, kuma da yake mil ɗaya kilomita 1.6 ne, giyar taya ɗaya ce ke juya su duka, ana iya musanya su. Na Smiths lissafinsu daban ne, za a ga lamba kamar 1600 ko 1000 a fuskarsu, kuma ba sa karɓar giyar Japan. Don a san ko giyar taya ta dace, a auna tsawon mita 10 a ƙasa, a maƙala ɗan salatif a kan waya, a tura babur a ƙirga. Juyi 14 ake nema. In aka samu 12 ko 16, giyar ta wani babur ce, kuma duk gyaran da za a yi wa mitar ba zai sa ta faɗi gaskiya ba.

Taya ma na da nata. Mai lamba 2.50-18 kewayenta ya kai kusan mita 1.83, mai 3.00-18 kuma kusan mita 1.91. Wanda ya sa babbar a gaba a madadin ƙaramar, mitarsa za ta rage kusan kashi 4 cikin ɗari, yana gudun 60 tana nuna masa ƙasa da 58.

Bayan haka a gwada ta da manhajar auna gudu ta wayar hannu, a hanya miƙaƙƙiya, wani na baya ya riƙe wayar. A ɗauki karatu a gudu biyu, 30 da 60. Idan ta nuna 35 da 65, kuskuren iri ɗaya ne sama da ƙasa, allura ce aka dasa ba daidai ba, a cire a gyara mata zama. Idan ta nuna 27 da 54, kuskuren na girma da gudu, matsar da allura ba zai yi magani ba, zai gyara wuri ɗaya ya ɓata sauran. A nan a koma ga lambobin kilomita. In su ma sun gaza da kashi 10 cikin ɗari, giya ce ko taya. In su daidai suke, maganaɗisu ne ya yi sanyi, sai a sake masa ƙarfi a wajen mai na'urar yin haka ko a canja shi. Mitar da ke wuce gona da iri kuwa, sifirin ne ya saki ko mai ya shiga kofi. Wani ɗan guntun ƙarfe da ake gani maƙale da maganaɗisun ba tarkace ba ne, shi ke rama canjin da zafi ke kawowa, kuma da irin ranar Maris da Afrilu ta ƙasar nan, wanda ya cire shi zai samu mitar da karatunta na safe daban da na azahar.

Mitar juyin inji, ga baburan da ke da ita, cikinta ɗaya da ta gudu, lambobin kilomita ne kawai babu. Abu biyu ne nata na daban. Tana da rabonta da inji, 1:4 ko 1:5 ko 1:7 a baburan Japan, don haka ta wani babur ba lallai ta yi a wani ba ko da noti ya shiga. Kuma kebur ɗinta daga inji yake fitowa, idan sil ɗin wurin ya mutu baƙin mai zai bi waya ya hau. Duk wanda ya ga mai a bayan wannan mita ya fara canja sil kafin ya wanke ta.

Wajen rufewa, a goge gilashi ta ciki, a sa sabuwar robar da ke tsakaninsa da zobe, ana iya yanko ta daga tsohon tub. A matse mitar tsakanin katakai biyu, a mayar da leɓen zoben da ɗan guntun katako da ƙaramar guduma, nan da can daura da juna, yadda ake ɗaure notin taya. Kada a toshe ko'ina da gam, gwangwanin na buƙatar numfashi ta baya, in ba haka ba gumi zai riƙa taruwa a gilashi da damina. A mayar da ƙwan fitila mai ƙarfin na asali, babba na narka fuskar. A sabunta robobin da mitar ke zama a kansu, domin mitar da aka ɗaure ƙarfe da ƙarfe girgizar inji za ta kwance mata sukurori. A kuma gaya wa yaran wankin babur su daina harba ruwan famfo a fuskarta.

Wata magana da ba za mu bari ba, Edita, ita ce ta mayar da lambobi baya. Wanda ya iya buɗe mita ya iya wannan, kuma masu sayar da babur kan nemi a yi musu. Algus ne, kuma mai saye ne zai kwana ciki, domin da waɗannan lambobin ake lissafin juyen mai da saitin bawul da canjin sarƙa. Idan dole ta sa aka canja mita gaba ɗaya, a rubuta lambar da tsohuwar ta tsaya a kai da ranar canjin, a haɗa da takardun babur.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar gyaran mita,
Kano.